Jinkar da Mato Ya Yi wa 'Yan Fim

A Rurum Tsohon Gari da wuya ka sami wanda ba a taɓa ɓata wa kallon fim ba, kuma kusan duk mutum ɗaya ne ya ɓata musu, wato Mato mai baibaya. Kowa yana kallon fuskar jarumi, shi idonsa yana kan rufin ɗakin da ke bayan jarumin. Za a kai wajen da yarinya take kuka an kashe mata uba, har manyan maza sun yi tsit, sai ka ji wani dogon tsaki daga gefe. "Ku dubi jinkar nan don Allah. Wane maƙiyin Allah ne ya ɗora ta?" Shi ke nan, tausayi ya gudu, kowa ya koma duban ciyawa.

Ba da ka yake magana ba, wannan kam ko wanda ya fi kowa jin haushinsa zai ba shi. Mato ya haura sittin, kuma da aikin nan ya buɗe ido. Wajen ƙanen mahaifinsa ya koyi yankan shuci, ciyawar rufi, da kaka, ya koyi yanta, wato jera ciyawar a jikin igiya har ta zama doguwar shimfiɗa a naɗe ta. Ya koyi yadda ake fara baibaya daga bakin jinka a yi ta zagayawa ana hawa, kowane zagaye ya rufe igiyar na ƙasansa ruf, har a kai ƙoƙuwa a ɗaure. Lokacin da yake kan ganiyarsa, daga Zurgu har ƙauyukan Kibiya aike ake yi takanas a kira shi, mai gida ya jira shi sati biyu bai ce ya gaji ba. Jinkarsa takan shekara bakwai ba ta zubar da ɗigo ɗaya ba.

Sai kwano ya zo. Duk wanda ya sayar da buhu biyar na masara sai ya yaye ciyawa ya buga kwano, ya shiga ciki yana gasuwa da bazara yana cewa ya ci gaba. Yanzu a unguwarsu ɗakin ciyawa ɗaya ne ya rage, nasa. Aikin da yake samu bai wuce kan rumbu da akurkin kaji ba, sai ɗan noman da yake yi a gefe. Mutumin da aka taɓa jira sati biyu ya koma yana da lokaci har ya yi masa yawa, kuma a gaban talabijin ɗin Idi yake kashe shi.

Idi mai caji shi ne mai rumfar da ke bakin kasuwa. Yana cajin waya, yana tura wa mutane fina-finai, ya kuma kafa talabijin da sola saboda majalisar da ke taruwa wajensa bayan la'asar. A nan ake yanke wa kowane fim hukunci, sabo da tsoho, kuma Mato ya fi kowa daɗewa a harkar. Ya ga majigi a Rano tun ana haska shi a jikin bango, ya ga zamanin kaset, ya ga faifai ya zo ya wuce. Duk tsawon wannan kallo, ko labarin fim ɗaya ba zai iya ba ka daga farko zuwa ƙarshe ba.

Wata la'asar Idi ya saka wani sabon fim na zamanin da, irin wanda ake ɗaura wa kowa warki a ba shi kwari da baka. Aka buɗe da hoton ƙauye daga sama.

Idi ya ce, "Malam Mato, yau kam sai ka yi shiru. Dubi hoto tar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Kyamarar ma tashi take yi sama kamar shirwa."

Mato ya ce, "Ai ita ta tona musu asiri. Da can daga ƙasa suke ɗauka, ƙaryar ba ta fita sosai. Yanzu sun hau sama da kansu sun nuna mana. Dubi can, igiya duk a waje. Ruwa biyu ya ishe ta ta ruɓe. Wancan kuma daga sama aka faro shi aka sauko. Kai ko akuya ka ba wa aikin nan ai ta fi su tsari."

"To ai labarin ake bi."

"Labarin me? Sun ce wai sarki ne a ciki. Sarkin da zai kwana a ƙarƙashin wannan tarin shara ai gara a sauke shi."

Aka kwashe da dariya. Wani ya tambaye shi, a duk finafinan da ya gani, wanne ne ya yi masa. Mato bai ko yi tunani ba. Ya ce wani tsohon na kaset ne, hotonsa ja, muryarsa kamar ana suyar ƙosai, saurayi da budurwa suna ta zagaya wata bishiya suna rawa ba dalili. Shirme ne tsantsa, in ji shi, amma a ƙauyen gaske aka ɗauke shi, kuma ɗakin da ke bayansu wanda ya san hannunsa ne ya baibaye shi. Sau huɗu ya kalla saboda ɗakin nan. Da Idi ya tambaye shi ko a ƙarshe saurayin ya auri yarinyar, sai ya ce wannan kuma su ta shafa.

A gida ma bai bar matarsa Fulera ta sha iska ba. Ita a waya take kallo, da rana in ta gama aiki, ta fi son masu dogon zango da ake saki kashi-kashi. Da ya leƙo ta kafaɗarta ya ja tsaki sai ta kife wayar a cinya.

"Malam, ka ga ni ma ina da ido. Ina ganin yadda 'yan matan nan suke riƙe taɓarya kamar za ta cije su, farce zaƙo-zaƙo wai suna surfe. Amma nakan yi shiru in ga yadda za ta ƙare."

"Shirun naku ne ya sa suka raina mu."

Gaskiyar magana, abin yana ci masa rai fiye da yadda majalisa ta ɗauka. Su a wajensu Mato abin nishaɗi ne, a tsokane shi ya yi faɗa a yi dariya. Shi kuwa abin da ke ƙona shi shi ne mutanen birni, kai har da matasan Rurum ɗin kanta, sun yarda haka kakanninsu suka rayu, a ƙarƙashin buyagi kamar sheƙar ɓera. Aikin da ya ba wa ƙuruciyarsa kaf, a haka za a tuna da shi. Burinsa ɗaya ne, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai Fulera: kafin ya mutu duniya ta ga jinkar gaske ko sau ɗaya, a kuma san wanda ya yi ta.

Ana cikin haka, wata bazara, sai ga Ramalan direba, wanda ke jigila tsakanin Rano da Kano, ya yi sallama a ƙofar gidan Mato da baƙo. Sunan baƙon Zainulabideen, amma ko shi kansa Darakta yake kiran kansa. Wando ya ɗame shi, baƙin tabarau a ido, gorar ruwa a hannu yana kurɓa kamar mai jinya. Sun zo ɗaukar fim na zamanin da a bayan duwatsu, leburorinsu sun tayar da ɗakuna uku na laka, saura rufi. Ramalan ne ya ce musu akwai gwani a garin.

Darakta ya ce, "Baba, ciyawar nan muke so a ɗan ɗora mana a sama. Kwana biyu ya isa ko?"

Mato ya dube shi daga takalmi har tabarau. Ciyawar nan. A ɗan ɗora. Da wani lokaci ne da ya nuna masa hanya, amma abin da ya daɗe yana roƙo ne ya zo har ƙofar gida da ƙafarsa.

Ya ce, "Kwana tara. Kuma ba na ciniki da kai, abin da ka ga dama ka bayar. Sharaɗina ɗaya. Rubutun nan da kuke jerawa a ƙarshe, a saka sunana. A rubuta, Baibaya, Mato Rurum Tsohon Gari."

Darakta ya yi dariya har ya cire tabarau. "Baba, in dai wannan ne ai an gama."

Kwana tara ɗin nan Mato ya koma saurayi. Ya fito da shucin da ya yanka da kaka, ya zauna ya tsince shi tsinke-tsinke, duk wanda ya lanƙwashe ya jefar. Ya kwance ƙiraren jinka da leburorin suka ɗaɗɗaure ya sake nasa, yana yi yana faɗa musu abin da yake gani game da iyayen gidansu a sana'a. Darakta yakan zo kullum ya tsaya yana duba agogo, amma ko kallo bai ishi Mato ba. Ran na tara aka taru aka ɗaga jinkar ƙarshe aka ɗora, ya bi bakinta da wuƙa ya daidaita. Ɗakuna uku suka tsaya sumul, ciyawa ta kwanta luf kamar an shafa mata mai, ko zare ɗaya na igiya ba ka gani. Tun da yake bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, shi ma ya sani.

Masu baibaya na zamanin da suna da wata ɗabi'a mai kashi biyu, wadda ƙanen mahaifin Mato ya dasa masa. In ka gama ka miƙa aiki, ka tattara kayanka ka tafi, ba ka tsayawa kana zagaya ɗaki kamar mai jiran a yaba. Sannan ba ka buɗe baki a kan aikinka sai ya sha ruwan farko. Mato ya riƙe kashin farko gam. Ko da Ramalan ya ce ya tsaya ya ga yadda ake ɗaukar fim, cewa ya yi shi ba ɗan kallo ba ne, ya saɓa wuƙarsa ya tafi, bai sake taka wajen ba. Kashi na biyun ne ya fi ƙarfinsa. Wata huɗu cur majalisar Idi ba ta huta ba. Duk fim ɗin da aka saka sai ya ce, "Ku dai jira namu ya fito, ku ga yadda ake rufi." Ya aika wa 'yarsa da ke aure a Kibiya. Ya faɗa wa liman. Har mai gyaran keke da ba ya kallon fim sai da ya ji.

Fim ya fito da tsakiyar damina. Ran da Idi ya samo shi, mutane suka baro gona da wuri, rumfa ta cika har waje. Aka ba Mato benci na gaba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya harɗe hannu, ya ɗaga haɓa.

Kyamara ta taso daga bayan duwatsu, duwatsun da kowa ya sani, har wasu suka yi kabbara. Ta sauko kan ɗakuna uku. Mato ya miƙa wuya. Ɗakunan ne, ba shakka, ga ma tsamiyar da ya riƙa cin tuwo a gindinta. Amma rufin kamar an yi dambe a kansa. An fizge ciyawa dami-dami, ta yi cirko-cirko, igiya tana reto ta ko'ina, ƙoƙuwar ɗaya ta karkace, an kuma jefa wani tsumma da fasasshiyar ƙwarya a kai. A duk finafinan da Mato ya zaga a rayuwarsa babu rufin da ya kai wannan muni.

Sai wani daga baya ya ce, "Igiya a waje." Wani ya karɓe, "Ruwa biyu ya ishe ta." Shekara da shekaru yana koya musu duban jinka, ashe sun iya. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki.

Mato ya ce, "Ba aikina ba ne."

Idi, wanda bai taɓa ƙin abin da zai tara masa jama'a ba, ya ce bari a duba. Ya tura fim ɗin can ƙarshe, rubutu ya fara hawa, ya tsayar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ko harafi ɗaya ba su kuskure ba: Baibaya, Mato Rurum Tsohon Gari. Alkawari ɗaya da Darakta ya cika ke nan a zamansa na garin.

Washegari Ramalan ya same shi a gida, yana ta sosa ƙeya.

"Baba Mato, wallahi ina wajen. Da Darakta ya leƙa ta kyamara sai ya ce ya yi kyau da yawa, wai kamar rumfar otal, ba wanda zai yarda ƙauye ne. Shi ne ya sa aka hau da sanduna aka yamutsa. Na ce a kira ka, ya ce ba lokaci."

"Ya ce bai yi kama da ƙauye ba?"

"Haka ya ce."

"Shi da ko rumbu bai taɓa leƙawa ba, shi zai faɗa mini kamar ƙauye?"

Ramalan ya je majalisa ya maimaita wannan magana, don Mato ya roƙe shi. Aka saurare shi da kunne ɗaya. Wani ya ce ai dole ya kare shi tunda shi ya kawo aikin. Mutanen da suka sha tsakin Mato shekara ashirin ba za su saki irin wannan dama don wani direba ya rantse ba. Suka laƙaba masa suna, Gwanin Fim. Idi kuma kullum sai ya sanar da shi yawan waɗanda suka kalla, wai har Nijar da Gana ana gani, kamar albishir yake masa. Mato ya daina zuwa rumfar. Ya rame a sati biyu, abinci sai Fulera ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, da ka tsaya ranar da ba su taɓa ba."

"Tun da nake ban taɓa gadin aikin da na miƙa ba."

"To ai waɗanda ka saba miƙa wa ciki za su kwana. Waɗannan fa?"

Ta fi shi gaskiya, kuma wannan ma wani ciwon ne. Ya kwana biyu yana juya abin. Duniya dai ta riga ta gani, ba shi da yadda zai bi Nijar da Gana gida-gida. Amma Rurum tana nan, ɗakunan ma suna nan a bayan duwatsu inda 'yan fim suka watsar da su. In mutanen garinsu suka ga aikin da idonsu, ya ishe shi.

Shucin da ya rage masa shi ne wanda ya ajiye don gyaran nasa ɗakin, wanda ya fara ɗiga ta gefen gado. Ya kwashe shi kaf. Fulera ta bi shi da ido, ta ɗauko roba ta tara a inda ruwan ke zuba. Ya ari tsani ya tafi shi kaɗai. Awakin wani ne suka mayar da ɗakunan wajen fakewa, ya kore su. Shucin ba zai isa uku ba, sai ya zaɓi babban, ya yaye ɓarnar gaba ɗaya ya faro daga baki. Kwana biyar yana hawa yana sauka, gwiwa tana ƙara, hadari yana tsorata shi. Wannan karon bai ce wa kowa uffan ba. Da ya gama ya dawo gida ya jira ruwa.

Ruwa ya zo, irin na Agusta, wuni biyu yana zuba har ya kwantar da dawar mutane. Da ya ɗauke, Mato ya taka cikin taɓo ya je. Ya sunkuya ya shiga, ya bi ƙasan ɗakin da tafin hannu lungu-lungu. Ƙura ce busasshiya. Ya ɗebo ta ya murza, ya daɗe a tsugune.

Da la'asar ya sake saka farar rigar ya nufi rumfar Idi. An cika, ana jiran sabon kashi na wani mai dogon zango. Ya yi sallama, aka amsa ana ƙunshe dariya.

Ya ce, "Jama'a, ba faɗa na zo yi ba. Na gyara babban ɗakin nan, ya kuma sha ruwan jiya da shekaranjiya. Ina roƙonku ku taso mu je ku gani. Bai kai nisan gonar kowannenku ba. Ku shiga ku taɓa ƙasa da hannunku."

Ba a taɓa jin Mato ya ce yana roƙo ba, har wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya dubi taɓon da ke hanya, ya dubi takalminsa. Wani ya ce ko gobe in ƙasa ta sha iska. Idi yana ta danne-danne, bai ko juyo sosai ba.

"Haba Malam Mato, ai mun gani. Sau uku na kalla. Ga shi nan ma a wayata in kana so in tura maka."

Kiɗan farkon fim ya tashi, kawuna suka juya gaba ɗaya. Mato ya ɗan ƙara tsayawa, ko mutum ɗaya zai miƙe. Wani ya taɓa shi a hankali ya ce ya ɗan matsa, ya tare hoto. Ya matsa. Bai kai bakin hanya ba ya ji ana ce wa Idi ya ƙaro murya.